Na samu gurbin karatu a Sifaniya, amma na ɓoye wa Umma gaskiya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku, ina karanta zanen gine-gine, shekaruna 22. Jami'armu tana musayar ɗalibai da Jami'ar Giranada da ke Sifaniya, Allah ya sa aka zaɓe ni in je in yi zango biyu, daga Satumba zuwa Yuni. Saura wata biyar. Mahaifina ya rasu, Baffa ne waliyyina, ya ce in Umma ta yarda shi ma ya yarda. Umma kuwa tun da ta ji take cewa ai ƙasar da aka kori Musulmi ce, babu masallaci, sai giya da naman alade. Don in kwantar mata da hankali na ce mata an biya komai, kuma da Turanci ake komai a can. Gaskiyar magana tallafin bai kai ba, darussa biyu ne kawai cikin nawa ake koyarwa da Turanci, kuma ko kalma goma ta Sifaniyanci ban sani ba. Wani mai harkar biza ya ce zai gyara mini takardar banki in na ba shi wani abu. Anti, ba na iya barci. In haƙura in bar wa wani gurbin ne?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki bar gurbin. Amma kuma kada ki hau jirgi a kan wannan shirin da kike kai, don murhu ne mai duwatsu uku, biyu ƙaryar da kika yi wa Umma, na ukun ƙaryar da wani yake so ki biya shi ya yi wa ofishin jakadanci da sunanki. Tukunyar da aka ɗora a kan wannan ba ta kai wa tafasa.

Bari in fara da mai harkar bizar, don nasa ne mafi saurin yankewa. Ki goge lambarsa yau. In aka gano takardar bogi ce, shi yana shagonsa yana shan shayi, ke ce za a ƙi, kuma tabon yana iya bin ki duk ranar da kika sake neman bizar Turai. Abin da dokarsu ta nema ba boyayye ba ne. Ɗalibi ya nuna yana da abin riƙe kansa kowane wata daidai da wani ma'auni da gwamnatinsu take kira IPREM, wanda daga 2023 zuwa 2025 ya tsaya a kan Yuro 600 a wata. Wata goma ke nan Yuro 6,000. Takardar tallafinki tana cikin lissafi. Giɓin da ya rage, ɗan'uwa na jini yana iya tsaya miki da takardar bankinsa ta gaskiya da wasiƙar ɗaukar nauyi. To ta yaya Baffa zai tsaya miki bayan kin ce masa an biya komai? Kin ga inda ƙaryar farko ta toshe miki ƙofar halal, ta bar miki ta ɓarauniya kawai.

Ki ɗauki biro ki yi lissafin nan a takarda: nawa tallafin yake bayarwa a wata, nawa ya rage ya cika 600, sannan kuɗin jirgi, inshorar lafiya, kuɗin biza, da kuɗin ajiya na haya, wanda suke kira fianza, yawanci na wata guda ne ake bayarwa kafin a ba ki makulli. Adadin da ya fito shi za ki kai gida. Mutanenmu sun fi saurin taimaka wa wanda ya ce ina neman kaza zuwa watan kaza, a kan wanda ya zo yana kuka yana cewa abin bai kai ba. Kuma kada ki sa kuɗin aiki a lissafin. Gaskiya ne tun 2022 dokarsu ta yarda ɗalibin waje ya yi aiki har awa 30 a mako, amma yankin Andalus, inda Giranada take, yana cikin wuraren da rashin aikin yi ya fi yawa a ƙasar, 'ya'yan gari ma nema suke, balle baƙuwar da ba ta iya gaisuwa ba tukuna.

Sauran takardun ba wuya gare su ba, lokaci suke ci. Da yake zamanki zai wuce wata shida, sai kin kawo takardar likita da takardar 'yan sanda mai nuna ba ki da laifi. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ta sa hatimi ɗaya ya wadatar, don haka sai an buga musu hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ɓangaren Sifaniya su ma su tabbatar, kuma fassarar da suke karɓa ta mai fassarar da aka rantsar ce, ba ta ɗan makarantarku da ya iya yaren ba. Ki buɗe shafin ofishin jakadancinsu ki kwafe jerin da hannunki, ki fara a makon nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu Umma.

Kada ki yi mata kallon wadda ba ta san duniya ba, don rabin maganarta tarihi ne tsagwaronsa. A 1492 Giranada ta faɗi, ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a wannan yanki. Bayan 'yan shekaru aka tilasta wa waɗanda suka rage su bar addininsu, daga 1609 kuma aka fara korar jikokinsu gaba ɗaya, dubu ɗaruruwa. Wanda ya ba Umma labarin bai yi mata ƙarya ba, tsayawa ya yi a tsakiya. Aikinki ki ƙarasa mata.

Ki fara da abin da yake cikin gidanku. Garin da za ki shi ne Garnaɗa ta littattafan malamai. Ashafar da ake karantawa a masallatanmu, Alƙali Iyal da ya wallafa ta ya taɓa riƙe alƙalancin garin. Tuhfa, wadda alƙalan kotunan shari'armu suke kafa hujja da ita har gobe, Ibn Asim ne ya tsara ta, alƙalin Garnaɗa, ya rasu a 1426. Ibn Malik mai Alfiyya, wadda duk almajirin da ya yi nisa a nahawu ya sha wuyarta, haifaffen Jayyan ne, garin da yau ake rubutawa Jaén, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga inda za ki zauna. Ishiriniyar da watakila Umma ta haddace wasu baitocinta tun tana budurwa, Alfazazi da ya tsara ta mutumin Kurɗuba ne, ita ma garin Andalus ce. In Baffa ya yi karatun zaure, shi ma ki bar shi ya ba ta wannan labarin, zai fi daɗi a bakinsa, kuma zai ji an girmama shi.

Sannan ki gaya mata halin da ake ciki yau. Musulmin Sifaniya sun haura miliyan biyu, mafi yawansu asalin Maroko, akwai kuma 'yan ƙasar da suka musulunta. A 2003 aka buɗe babban masallacin Giranada a kan tudun tsohuwar unguwar Albaicín, lambunsa yana kallon fadar Alhambra ido da ido. Akwai ƙananan masallatai cikin unguwanni, akwai mahautan halal, musamman wajen titin Elvira da kewayensa. Babu dokar ƙasa da ta hana ɗalibar jami'a sa hijabi. Akwai ma abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba: yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da Hukumar Musulunci ta Sifaniya a 1992, wadda ta zama doka, ta ba ɗalibi Musulmi a makarantun gwamnati damar neman a ɗauke masa shiga aji da jarrabawa ranar Juma'a daga ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi, da kuma ranakun Sallah. Sai dai nema ake yi, a rubuce, tun farkon zango. Ba wanda zai biyo ki da ita.

In aka tayar da maganar tafiyar mace ba muharrami, kada ki tsaya musu da fatawar da kika tsinta a waya. Ku je wurin malamin da gidanku suka yarda da shi, ki faɗa masa komai yadda yake, inda za ki zauna, da wa, tsawon wane lokaci, wa zai tarbe ki. Abin da zai taimake ki a wannan zaman shi ne amsoshi a hannu. Don haka tun yanzu ki rubuta wa ofishin ɗaliban waje na jami'ar ki tambayi masaukin mata zalla, ko gidan haya da ɗalibai mata suke rabawa. Uwa ba taswirar ƙasa take so ta gani ba, so take ta san ƙofar da 'yarta za ta rufe da dare da kuma wanda yake bayan ƙofar ɗaya ɗakin. Kuma kada ki tura wa kowa kuɗin haya a kan hoton ɗaki da kika gani a intanet, sai ta hanyar da jami'ar ta sani, ko bayan kin gani da idonki.

To, yaren. A nan zan daɗe, don shi ne ainihin abin da zai raba zamanki gida biyu: ko ki yi shekara a Sifaniya, ko ki yi shekara a ɗaki a Sifaniya.

Ni ma da Turancina na je, ina taƙama. A makona na farko na shiga wani ofishi da takarduna a jere cikin jaka. Matar da ke bayan gilashi ta yi magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, na ce mata da Turanci don Allah ta maimaita, ta maimaita da Sifaniyanci, da ƙarfi wannan karon, kamar kurma ce ni. Layi ya taru a bayana. Na fito na zauna a matakala ina share hawaye da gefen mayafi. Wata tsohuwa 'yar Maroko mai jan keken cefane ta tsaya, ta karɓi takardar ta duba, ta ce da ni da Larabci, gobe, da safe, hoto biyu. Ɗan Larabcin Islamiyya ne ya cece ni ranar, digirina bai yi mini komai ba. Malaman jami'a da yawa suna jin Turanci, matasa ma wasu suna ji. Amma mai gidan haya, direban bas, mai kantin magani, ɗan sandan da zai ɗauki hoton yatsunki, da tsohuwar da ke ƙasan benenku wadda za ta buga miki ƙofa in ruwa ya zubo mata, waɗannan da yarensu za su yi miki magana.

Labari mai daɗi shi ne bakin Bahaushe ya dace da wannan yare fiye da yadda ya dace da Turanci. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda muke furta su haka suke furtawa. Abin da aka rubuta shi ake karantawa, in kin koyi 'yan ƙa'idoji kaɗan: h ba a furta ta, j kamar kha ta Larabci ce, ñ kamar ny, ll kusan y. Harafin r mai kaɗawa da Turawan Ingila suke shekara suna fama da shi, ke da shi kika tashi. Harafin v da ba mu da shi, su ma b suke furta shi. Sannan kowane suna namiji ne ko mace, abin da yake rikita masu Turanci, alhali ke tun kina goye kike cewa rigar nan ta yage, wandon nan ya yage. Har ma akasarin sunayen mata da a suke ƙarewa, kamar namu: la casa gida, la mesa tebur, la puerta ƙofa. Kuma kamar yadda ruwa da suna suka ƙare da a amma maza ne a Hausa, su ma suna da nasu 'yan tawayen, el día, el problema, el mapa.

Za ki riƙa cin karo da 'yan'uwa a hanya. Shugaban gari alcalde ne, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Hasta ita ce hattarmu. Azúcar sukari. Fulano shi ne wane, fulan na Larabawa. In suna fatan abu ya faru sai su ce ojalá, sunan Allah ne a ƙarshenta, ko da yake yawancin masu faɗa ba sa tunawa.

Inda za ki sha wuya ma zan faɗa miki. Na ɗaya p da f. Mu a wurinmu abu ɗaya ne, a wurinsu puente gada ce, fuente maɓuɓɓugar ruwa. Wannan mai sauƙi ne. Kalmar kaza, pollo, in kika sa mata f ta koma batsar da ba zan rubuta a nan ba. Na faɗe ta a gaban mahauci da mutum shida a layi, da muryata mai kyau, har da don Allah a ƙarshe. Mahaucin ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ki riƙe takarda a gaban leɓenki ki yi ta maimaitawa, leɓe biyu su haɗu su rufe ruf kafin p ta fito. Na biyu, aikatau. Kowane aiki yana sauya wutsiya gwargwadon mai yi da lokacin yi, kuma suna da kalma biyu, ser da estar, a inda za ki zaci ɗaya ta isa. Wannan ba dabara, sai hadda. Na uku, mutanen Andalus suna haɗiye ƙarshen kalma. Za ki koyi más o menos a littafi, ki je ki ji ana cewa ma o meno. Ki koyi pescado, a kasuwa ki ji pescao. Mako biyun farko za ki rantse ba yaren da kika karanta ba ne. Kunne yana buɗewa, ki ba shi lokaci.

Wata biyar, in kina ba shi awa ɗaya da rabi kullum ba fashi, yana iya kai ki matakin da suke kira A2, wato ki yi cefane, ki tambayi hanya, ki bayyana inda yake miki ciwo. Bai isa ki bi lacca a kan lissafin ƙarfin ginshiƙi ba, kada in yaudare ki. Don haka abu biyu. Ki rubuta wa mai kula da musayar ɗalibai ki tambaya ko za a tura miki darussan zane da na aikin hannu zuwa zangon farko, masu yawan surutu su koma na biyu, kuma ki tambayi matakin yaren da sashen yake buƙata, don wasu darussan suna da sharaɗi. Sannan ki tambayi kwas ɗin yare na Cibiyar Harsunan Zamani ta jami'ar, wadda take koyar da baƙi Sifaniyanci.

Yadda za ki yi karatun kuwa, kin riga kin san shi, na allo ne. Manhajar waya tana da amfani, amma tana sa mutum ya ji kamar yana karatu alhali danne-danne yake. Ki rubuta jimla biyar kullum da hannu, waɗanda za ki buƙata da gaske, ki biya su da ƙarfi har su zauna, gobe ki yi tilawar na jiya kafin ki ɗora sabo. Ranar Juma'a ki yi bitar na mako. Kalmomin fanninki ki ba su littafi daban: bango, rufi, ginshiƙi, tubali, ma'auni. In ƙannenki suna kallon La Liga, ki nemo musu sharhin Sifaniyanci ki zauna tare da su, ba don ki gane ba, don kunnenki ya saba da gudun. Kuma kada ki ɗauka wahalar shekara guda ce kawai. Mutum kusan miliyan 500 ne suka tashi da wannan yare, daga Meziko zuwa Ajantina, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da Kalaba.

Abinci. Umma ta yi gaskiya a kan alade, yana ko'ina, cinyoyinsa a rataye a saman kantuna kamar kayan ado. Cewa ba kya cin carne, wato nama, ba ya wadatarwa, don mutane da yawa ba sa lissafa jamón, busasshiyar cinyar alade, a cikin nama, za a kawo miki wake ko ƙwai an barbaɗa shi a kai da zuciya ɗaya. Ki haddace sunayensa kamar sunayen maƙiya: cerdo, jamón, chorizo, tocino, panceta, lomo, morcilla, da manteca, wato kitsensa, wanda yake ɓuya a cikin kayan fulawa. Alewar da ake rabawa lokacin Kirsimeti, mantecados da polvorones, ta gargajiyar da kitsen alade ake yin ta, ki duba takardar kafin ki kai baki. Tambayarki kullum ita ce ¿lleva cerdo?, wato akwai alade a ciki? A Giranada al'ada ce in ka sayi abin sha a kawo maka ɗan abinci kyauta, tapa, ko da lemo ka saya. Ki ce de pescado, wato na kifi, ko sin carne ni jamón, ba nama ba jamón, tun kafin a kawo. Ki yi hattara da mosto: a yawancin wurare ruwan inabi ne zalla, a wasu sassan Andalus kuwa sabuwar giya ce. Ki ce sin alcohol ki huta. Kifi, ƙwai, shinkafa, wake iri-iri, man zaitun da kayan lambu suna da yawa, wadda ta iya girki ba ta yunwa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji su ne abokan tafiyata, a ɗaure da kyau, daddawar a leda uku in ba so kike kayanki duka su ɗauka ba. Nama da kayan madara kuwa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da su daga waje.

Lokacin cin ma daban ne. Abincin rana sai wajen biyu zuwa uku, na dare tara ko goma, ƙananan kantuna da yawa suna rufewa da rana su sake buɗewa wajen biyar, ranar Lahadi kuma akasari a rufe suke. Agogonsu daidai yake da namu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin suna gaba da awa ɗaya. A watan Yuni sai tara da rabi ta wuce rana take faɗuwa, ki ga ana sallar magariba a lokacin da a gida an fara rufe ƙofa.

Sanyin ne ba wanda zai gaya miki, don kowa yana ɗauka kudancin Sifaniya rana ce kawai. Giranada tana gindin duwatsun Sierra Nevada, ƙanƙara tana kwance a kansu kina hangowa daga titi, a Janairu da asuba awo yana sauka kusa da sifiri. Tsofaffin gidajen an gina su ne don zafi, daɓensu tayil, da yawa babu abin ɗumama gida gaba ɗaya. Abin da za ki tarar a falo shi ne teburi mai zagaye an lulluɓe shi da bargo har ƙasa, a ƙarƙashinsa akwai abin ɗumi, kowa ya zauna ya ja bargon ya rufe cinyarsa, ƙafafu suna gasuwa, hanci yana daskarewa. Mesa camilla suke ce masa. Ranar da na fara zama a gabansa sai na tuna kakata da kaskon wutarta a hunturu, har hirar iri ɗaya ce, ta maƙwabta da tsadar kaya. A wannan teburin, wurin wata tsohuwa da ke hawa na biyu, na koyi rabin Sifaniyancina. Kafin ki karɓi ɗaki ki tambaya ko akwai calefacción, wato abin ɗumama gida, da kuma wa yake biyan wuta. Babbar rigar sanyi ki bari sai kin je, ta Kantin Kwari ba a ɗinka ta don wannan ba.

Gaisuwarsu sumba biyu ce a kumatu, har tsakanin mace da namijin da yau suka haɗu. Ki riga shi: hannu a ƙirji, murmushi, encantada, wato na ji daɗin haɗuwarmu. Kusan kowa yana ganewa, wanda ya tambaya ki ce al'adarku ce. Malamai kuma za ki ji ɗalibai suna kiran su da sunansu tsirara, ke da ko yayarki ba kya kira da suna. Ki fara da usted, na girmamawa, in malamin ya ce ki sauke sai ki sauke. Suna da awannin da suke zama a ofis don ɗalibai, tutorías, ki je tun makon farko ki gabatar da kanki ki faɗi matsayin yarenki. Maki daga 0 zuwa 10 ne, 5 ake ci. Kafin ki bar gida ki tabbata shugaban sashenku ya sa hannu a takardar da ta jera darussan da za ki yi can da waɗanda za su maye a nan, ki riƙe kwafi, kada ki dawo a ce ki maimaita aji uku. In kin sauka, cikin wata guda ake neman katin zama na baƙi, TIE, kuma ana yin rajistar adireshi a ofishin gari, empadronamiento. Duka biyun da layin intanet ake kama rana, ki nema da wuri.

Wariyar launi tana nan, ba zan ɓoye miki ba. 'Yan gidanku masu kallon ƙwallo sun ga abin da aka yi wa Vinícius a filin Valencia a 2023, har kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗaurin wata takwas a shekarar da ta biyo. Ke naki zai fi zuwa a shiru: kallo a bas, ɗakin da aka ce an bayar da zarar an gan ki. Baƙa ce ke, kuma mai hijabi, abu biyu ke nan. Zai yi ciwo ranar da ya faru. Amma gari ne na ɗalibai, jami'ar tun 1531 take, tana cikin waɗanda suka fi karɓar ɗaliban musaya a Turai, kuma masu kirki sun fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da na fi ji miki tsoro shi ne kaɗaicin watan Nuwamba, lokacin da ɗokin zuwa ya wuce, sanyi ya shigo, ki kulle ɗaki ki kwana kina kallon hotunan bikin ƙawaye. Ki sa wa kanki doka: Juma'a a masallaci, da zaman musayar yare sau ɗaya a mako, inda za ki ba wata Turanci ta ba ki Sifaniyanci.

Ga mai karanta gine-gine kuwa, ban san inda ya fi nan ba. Gidajen Albaicín bango ne a waje, rayuwa a tsakar gida, za ki ga kamar kin san su. Daga wannan garin Abu Ishaƙ Assahili ya fito, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, Ibn Khaldun ya ambaci ɗakin fada mai ƙubba da ya gina masa, kuma a Tumbuktu ya rasu. A bangon Alhambra an sassaƙa wa la galiba illallah, an maimaita ta ba adadi. Hoton da za ki fara tura wa Umma ke nan, za ta karanta shi da kanta ba sai an fassara mata ba.

Amma kafin hoto, akwai daren yau. Bayan isha'i, in ƙannenki sun kwanta, ki shiga ɗakinta da takardar lissafin nan a hannu. Kada ki fara da Andalus, kada ki fara da masallaci. Ki ce, Umma, na faɗa miki abu biyu da ba haka suke ba, tsoro ne ya sa ni, ki yafe mini. Za ta yi faɗa, watakila ta kwana biyu ba ta sake miki fuska ba, watakila ma ta ce an fasa. Ki yi shiru ki bar ta ta huce, ki ci gaba da biya jimlolinki biyar a inda za ta riƙa jin ki. Ranar da ta tambaye ki me kike cewa haka, ki koya mata hasta mañana, ki ce mata sai gobe ke nan, kuma hattar da ta sani ce a ciki.

Ki rubuto mini in kun yi maganar. Kilishin da na san za a ƙulla miki kuma, ki cinye shi kafin jirgi ya sauka.